Ranar da Kawu Ya Ƙirga Shanunsa

Jikokina ba su yarda cewa na taɓa aikin kwamfuta ba. Suna ganin yadda nake fama da wayar hannu, in danna nan can ya buɗe, sai su kwashe da dariya, ni kuma ba na musu da su. Abin da suke kira manhaja yau, mu da fensir muke rubuta shi a kan takarda mai gida-gida, layi bayan layi, sannan mu miƙa wa 'yan matan ɗakin huda su mayar da kowane layi kati guda mai huji-huji. Sai a ɗaure katunan da roba, a kai wa na'ura da safe, ka dawo washegari ka ji abin da ta ce. In ka yi kuskure ɗaya tak, ka yi asarar yini ke nan. Ita kuwa na'urar ɗaki guda ta cika a wani ofishi a Kaduna, an sa mata abin sanyaya ɗaki tun kafin a sa wa manyanmu, kuma sai ka tuɓe takalmi kafin ka shiga wurinta.

Ni ɗan Batsari ne. Babana baduku ne a kasuwa, Inna kuwa Bafulatana ce daga rugagen bakin dajin Ruma. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" take ce mini, in da baƙi kuma ta ce "wancan". Yayanta, Kawu, shi ya riƙe garken gidansu bayan rasuwar kakana, har da shanun Inna a ciki. Dogon mutum ne marar yawan magana, amma in ya samu abin tsokana ba ya bari ya wuce. Tun ranar da aka sa ni boko ya laƙaba mini Malam, kuma duk hutun da na je ruga sai ya tambaye ni ko an fara koya mana tatsar nono ko har yanzu muna kan zane-zane.

Na fara aiki ne a shekarun da kuɗin man fetur ke shigo wa gwamnati kamar ba za su ƙare ba. Ba a daɗe da fita daga babban farin da ya karkashe dabbobi ba, sai aka ce za a haƙa wa makiyaya rijiyoyi masu zurfi a yammacin Katsina. Rijiyoyin ba za su ishi kowa ba a karon farko, dole a zaɓi wuraren da za a fara. Oganmu, wani Bazazzagi mai sanyin hali, ya gaji da yadda kowane mai faɗa a ji ke jan abin alheri zuwa ƙauyensu. Ya ce wannan karon na'ura ce za ta zaɓa, ita ba ta da ƙauye. Ya kira ni ya ce tunda ni ɗan can ne, ni zan rubuta mata umarnin. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, kaina ya kumbura har hulata ta kusa daina shiga.

Da damina aka tura malamai a kan kekuna, daga Darini har Zakka, ƙauye-ƙauye, ruga-ruga, kowa da takardun tambaya. Tambayoyin ba su da yawa: mutum nawa ne a nan, shanu nawa, kuma in rani ya yi nisan tafiya nawa ake yi kafin a kai ruwa. Kowace takarda aka mayar da ita kati ɗaya, kowace amsa da gurbinta a jikin katin. Nawa aikin shi ne in sa na'ura ta ninka yawan shanu da nisan ruwa, sannan ta jera wuraren daga wanda ya fi buƙata zuwa ƙasa. Sati shida na yi ina rubutawa ina gogewa. Na gwada shi da katunan gwaji da na ƙirƙira da kaina, ƙauyuka na ƙarya da shanu na ƙarya, kowa ya ba da amsarsa tsaf kamar ɗan makaranta mai ladabi. Duk suka fito daidai.

Da kaka na je gida hutu, Inna ta ce in raka ta Ruma ta gaida Kawu. Muka same shi a gonar wani manomi, shanu na cin kara. Bayan doguwar gaisuwa da shan kindirmo, ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Malam, an ce injin naku shi za ya raba rijiyoyi."

Na ce, "Ni nake gaya masa abin da zai yi, Kawu."

"To, madalla. Mi ka gaya mashi game da mu?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa da tsinke. Na ce mai shanu da yawa, wanda kuma ruwa ya yi wa nisa, shi ne a gaba. Na ce duk ƙasar nan wa ya kai su wahalar ruwa da rani? Na ce ko shakka babu suna cikin na farko-farko, kafin zafi ya yi tsanani masu haƙa sun iso. Ban ce "in Allah ya yarda" ba sai da Inna ta faɗa a madadina.

Kawu ya dubi shanun. Kowace shekara in kara ya ƙare yakan bi sauran makiyaya su gangara kudu, sai damina su dawo. Amma gwiwoyinsa sun fara ciwo, shanu masu ciki kuma sun yi yawa a garken bana. Can sai ya ce, "In haka ne, bana ba ni tahiya. Mu ga aikin boko." Inna ta sunkuyar da kai don kada a ga murnarta. Tun tana amarya ba ta taɓa yin rani guda yayanta na kusa da ita ba, kuma a hanyarmu ta dawowa har waƙa na ji tana yi ƙasa-ƙasa.

Na koma Kaduna, aka zuba wa na'ura katunan gaske. Ta haɗiye su ba tare da ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, ta fitar da doguwar takarda mai ninki-ninki. A jikin takardar babu sunan wuri, lamba ce kawai, littafin da ke fassara lambobin kuma yana wani ofishi a ƙetaren titi. Na yi niyyar in je in duba lambar rugar Kawu. Na ce gobe, na ce jibi, a raina kuma ina cewa me zan duba, lissafi ne fa. Oga ya yaba mini a gaban kowa, aka yage shafukan sama aka kai wa manya suka sa hannu, aka ba ɗan kwangila. Ni kuma aka ɗora mini wani aikin na manta.

Sai da zafi ya shigo sosai wasiƙar Inna ta same ni, da rubutun wani maƙwabcinmu. Bayan gaisuwa ta ce motocin masu haƙa sun zo tuni, sun haƙa ɗaya a bayan kasuwar Batsari, sun wuce wajen Safana, ba wanda ya nufi Ruma. Ta ce Kawu na tambaya ko sun ɓata hanya ne, don sauran makiyaya sun tafi da daɗewa, tafkin da yake shayarwa kuma ya ƙafe.

Ranar na ƙetara titin. Na samo lambar, na koma ɗakin ajiya na zaro katin daga cikin akwati, na ɗaga shi a saitin taga. Haske na ratsa hujin lambar wuri, yana ratsa na yawan mutane, yana ratsa na nisan ruwa. Gurbin shanu kuwa a toshe yake, ba a huda komai ba. Na nemo takardar asali. Malamin da ya je rugar bai rubuta adadi ba, sai dai a gefen takardar, da ƙananan baƙaƙe, ya sa: "Ya ce alhamdu lillahi, akwai su."

Na zauna a kan akwatin. Na'urarmu tana da wata ɗabi'a da kowane mai rubuta mata umarni ya sani tun satinsa na farko: in ta tarar da gurbi babu huji, sifili take ɗaukarsa. A wurinta wanda ya ƙi faɗa da wanda ba shi da ko akuya duk ɗaya ne, sai fa in kai mai rubutu ka gargaɗe ta ta bambanta. Ni ban gargaɗe ta ba. Ta ninka sifili da nisan tafiyar Kawu ta samu sifili, ta ajiye shi a shafin ƙarshe.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne na sani. Ba Bature ba ne ni da za a ce ban san mutanen ba. Da nonon garken nan aka yaye ni. Na san makiyayi ba ya faɗin adadin shanunsa, ko ga matarsa, yadda uwa ba ta tsayawa ta lissafa 'ya'yanta a gaban baƙo. Ana gudun baki, ana gudun ido, kuma ana ganin rashin kunya ne mutum ya auna abin da Allah ya ba shi. Ga shi ba a daɗe da soke jangali ba, ba wanda ya yarda cewa mai keke da takarda alheri ya kawo. Kawu bai ma buƙatar ƙirga. Da fuska ya san su, in ɗaya ta ɓace kafin garke ya gama shigowa ya faɗi wadda babu. Duk na san wannan, amma da na zauna a ɗaki mai sanyi da fensir a hannu, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Na bi akwatin kati-kati. Masu toshen gurbi suka taru a hannuna har na kasa riƙewa da hannu ɗaya, kuma kusan duk rugage ne. Waɗanda suka hau sama kuwa mutanen gari ne, fatake da mahauta masu turke shanun kiwo a bayan gida, waɗanda da suka ji ana maganar rijiya suka faɗi adadi har da ƙari. Gyaran bai ɗauke ni komai ba. Kati uku kacal na ƙara, masu cewa in kin ga gurbi a toshe ki tsaya ki yi magana.

Na shiga wurin oga da katunan a hannu, na faɗa masa komai ban rage ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza idanu.

"An riga an sa hannu," ya ce. "Ɗan kwangila ya ci rabin aikin. In na koma na ce jerin da muka yi ta alfahari da shi kuskure ne, ba za su gyara ba, sai dai su ce a koma yadda ake yi da, kowa ya ja ƙauyensu. Ka yi haƙuri. A zagaye na biyu, baɗi, su ne a gaba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kawuna yana can yana jira. Ni na ce masa ya jira."

Ya dube ni da tausayi na gaske, ya ce in ɗauki kwana uku in je gida.

Daga Batsari aron keke na yi. Na isa rugar da la'asar, na tarar da Kawu da manyan 'ya'yansa biyu a cikin busasshen rafi, sun tona rami ya fi tsayin mutum, suna kwarfar ruwa mai laka da ƙwarya suna zubawa a kwamin shayar da dabbobi. Shanun sun jeru suna jira, ƙasusuwan kwankwasonsu a tsaye. Waɗansu suna kwance a gindin itace, sai an zura musu sanda a ƙarƙashin ciki an ɗaga kafin su miƙe. Kawu ya fito daga ramin da ƙyar, ya wanke hannu, ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Kaduna da bai taɓa gani ba. Sai da muka zauna ya ce, "To Malam, mi injin ya ce?"

Na ce, "Ya ce ba ku da shanu, Kawu."

Ya waiga ya dubi garken, ya dawo da ido kaina, sai ya yi dariya har da tari. Na yi masa bayanin gurbin da ba a huda ba. Na ce laifina ne, ya kamata in gaya wa na'urar cewa shiru ba babu ba ne. Ya saurara har na gama.

"Wato sai an hwaɗa mashi da baki," ya ce.

"Sai an faɗa masa."

"In an hwaɗa, shina ji?"

A nan ne ya kamata in ce an rufe jerin, rijiya ba ta zuwa bana, ku tashi gobe-goben nan tun shanu na iya taka ƙasa. Maganar tana bakina. Amma na dubi mutumin da ya ƙi tafiya saboda kalmata, sai na ce, "Yana ji, Kawu." Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tausayi ne ya hana ni. Ba tausayi ba ne, tsoro ne, ban iya jure ya dube ni a matsayin wanda ya yaudare shi ba.

Washegari da hantsi, kafin a saki shanu, ya ce wa matarsa da 'ya'yansa su koma bayan bukkoki. Suka tafi ba wanda ya tambayi dalili. Ya ce in ɗauko takarda da abin rubutu. Ya yi bisimilla, ya yi wata addu'a a tafin hannunsa ya shafa, sannan ya shiga cikin garken ina biye.

Bai iya ƙirga irin tamu ba, ta nuni da yatsa daga nesa. Kowace saniya sai ya ɗora mata hannu a gadon baya, ya faɗi launinta da uwar da ta haife ta, sannan ya faɗi lamba da Fulatanci, murya ƙasa-ƙasa kamar mai faɗin abin kunya. Go'o. Ɗiɗi. Tati. Ya nuna mini wata ja mai karyayyen ƙaho ya ce wannan jikar saniyar da aka ba Innarka ce ranar sunanta. Sau biyu lissafin ya kuɓuce masa muka koma baya. Da muka zo kan waɗanda ke kwance ya tsaya.

"Waɗanga da ba su tashi, ana sa su?"

"Ana sa su, Kawu."

Ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Muka ƙare da 'yan maruƙan da ke ɗaure a igiyar dangwali. Ya faɗi jimla sau ɗaya, na rubuta, ya tofar da yawu gefe ya goge bakinsa da hannun riga. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an tuɓe shi a kasuwa. Duk da haka sai da ya nemo abin tsokana. Ya ce, "Ka kai ma injin naka, ka ba shi haƙuri. Ban san bai jin alhamdu lillahi ba."

Na kai. Na sa aka huda sabon kati, na roƙi mai kula da na'ura ya saka mini aikin a tsakanin na wasu. Rugar Kawu ta fito a shafin farko, kusa da sama. Na ninke takardar na sa a aljihun tebur, don babu wanda zan kai wa. Kwana goma sha biyu na yi ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa kafin na iya rubuta wa Inna cewa a gaya wa Kawu kada ya jira. Kafin wasiƙar ta isa Batsari, a samu mai zuwa Ruma, an shiga sati na uku.

Ya tashi a tsakiyar bazara, lokacin da ba mai hankalin da ke kora garke. Waɗanda ba su iya tafiya ya bar wa mahauta a yadda suka ga dama. Waɗansu suka faɗi a hanya, masu cikin da ya zauna dominsu su ne suka fara. Da abin da ya rage ya isa kudancin Zariya, kuma da damina ta sauka sauran makiyaya suka dawo, shi bai dawo ba. Ko fushi ne ko kunya, ban sani ba, bai taɓa aiko da magana mai zafi ba, gaisuwa kawai. Zagaye na biyu kuwa ba a yi shi ba, don kafin baɗin kuɗin mai sun ja baya, aka ce a tsuke bakin aljihu. A can Kawu ya rasu bayan shekara shida, Inna ba ta sake ganinsa ba.

Na ci gaba da aikin har na yi furfura a cikinsa. Katuna suka wuce, allo mai haske ya zo. Duk umarnin da na rubuta tun daga lokacin, da tambayar gurbin da aka bari fayau yake farawa, har yaran ofis suka mayar da abin abin ba'a. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini ba. Da farkon daminar shekarar da Kawu ya tashi na je gida, na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince gero a faifai. Matar Kawu ta biyo ta Batsari ta yi mata sallama kafin su tafi, don haka ta san komai. Ta amsa gaisuwata, ta tambayi hanya, ba ta ɗago ba. Na zauna a bakin tabarma ina jiran faɗa, ina ma fatan a yi mini shi.

Can ta ce, "An ce ka sa shi ya ƙirga."

Na ce, "Eh, Inna."

"Da bakinshi?"

"Da bakinsa."

Ta ci gaba da tsintar geron. Tsakuwa na komawa cikin wanda ta riga ta tsince. Ta ce, "Ciki ɗaya muka hito da shi, da nawa a cikin garken, ban taɓa sanin ko nawa ne ba. Babanmu ma bai sani ba har ya mutu." Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Na buɗe baki, sai ta ɗaga hannu.

"Kada ka hwaɗa mani," ta ce. "Kada ka hwaɗa ma kowa."

Katin da takardar duk sun tafi da tsofaffin kayan ofis tun tuni. Kawu ya tafi, Inna ta bi shi. Ni kaɗai na rage a duniya da na san ko shanu nawa ne a garken nan a safiyar ranar, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.